Layar Likita

Da sanyin safiya Dudu ta sauke ƙwarya a zaurenmu,
ta rantse da shanun ubanta ba ta sirka da ruwa ba.
Na ɗora a wuta, na matse lemun tsami huɗu,
madara ta tsinke, fari ya ware gefe guda.
Na juye a tsohon kallabin Inna, na ƙulle bakinsa,
na rataye a reshen darbejiya yana ɗiga,
ɗis, ɗis, kamar mai ba da bashin da bai so ba.

Baba Cindo ya yi kuku shekara sha ɗaya
a gidan wata likita, can bayan asibiti,
Rifkatu, Bayahudiya, gajeren gashi, dogon faɗa.
Girkin kakarta ne, in ji ta,
na wani idinsu da ake cin kayan madara.
Sunan abin ya ƙi zama a harshen Baba,
sai ya raɗa masa layar likita,
don naɗinsa naɗin laya ne,
illa dai wannan ci ake, ba a rataya ba.

Ƙwai uku, fulawa gwangwani ɗaya, gishiri ɗan tsunkule.
Na dama ruwa-ruwa, ya fi koko tsinkewa.
Na goga man shanu a kasko da tsumma,
na zuba ludayi, na karkata hannu ya zagaye.
Na farko ya yage. Kullum haka yake,
na farko rabon kasko ne, ban taɓa jin haushi ba.

Baba na zaune a tabarma, jikin bango.
Shekara uku ke nan sunana ya ɓace masa.
Wani lokaci ni ce Gambo, ƙanwarsa da ke kwance a Ɗan Marna,
wani lokaci baƙuwa ce da ta zo ɗiban wuta.
Ladanin Rafindaɗi zai kira, ya tambaye ni wa ya rasu.
Ya ci tuwo yanzu, ya ce yau kwana biyu bai ci ba.

Na uku na kan wuta, gefensa ya fara ɗagowa,
hankalina ya tafi kan kuɗin gawayi,
sai na sa cokali zan juya shi.

"Ke! Gefe ɗaya!"

Cokali ya faɗi. Na waiwaya.
Idonsa tar a kan kaskon.
"Gefe ɗaya ake toyawa, kife shi a faifai.
Ɗayan sai an naɗe. Wa ya koya miki ɓarna?"
Ban ce kai ne ka koya mini gyara ba.

Na kai masa faifai da kwanon cuku,
na riga na murje shi da gwaiduwa da sukari da kirfa.
Hannun da ba ya iya ɓalle maɓallin riga
ya ɗebi cokali ɗaya, ya ajiye ƙasa da tsakiya,
ya rufo ƙasa, ya ninko dama, ya ninko hagu, ya mirgina.
Guda tara ya jera, kai da kai,
ko ɗaya bai fi ɗan'uwansa ba.

Na mayar kasko, man shanu na tsuwa,
suka yi ja kamar bangon Gobarau da la'asar.
Ya gutsura, cuku ya leƙo ta gefen bakinsa.
Ya daɗe yana tauna.
"Kirfa ta yi yawa," ya ce. "Da likita ta yi faɗa."
Sannan ya dube ni da ladabin baƙo:
"Yarinya, ke 'yar wane gida ce?"

Na ce, 'yar wani kuku ce, Baba.
Ya gyaɗa kai, ya miƙo faifai in ƙara masa.
Kallabin Inna na can a reshe yana bushewa,
ƙudaje sun taru, ban tashi na kore su ba.